Tsohuwar Riga a Hannun Matan Gee's Bend

Rigar aiki ba ta mutuwa gaba ɗaya. Wuya ne yake fara cinyewa, don nan gumi yake taruwa. Daga nan sai gwiwar hannu ta huje, kafaɗa ta koɗe saboda rana da ɗaukar kaya. Amma gindin rigar, wanda kullum yake cushe cikin wando, yana nan da ƙarfinsa, bayanta ma yakan jure. In aka farke aljihu kuwa, sai a tarar da launin asali a ƙarƙashinsa, shuɗi mai duhu wanda rana ba ta taɓa gani ba, kewaye da yadin da ya riga ya yi fari-fari. Wando ma haka yake: gwiwa da mazaunai sun tafi, bayan ƙafa yana nan.

Sanin wannan shi ne matakin farko na sana'ar da matan wani ƙauye a jihar Alabama ta Amurka suka shahara da ita a duniya. Sunan ƙauyen a takardun hukuma Boykin, amma kowa Gee's Bend yake kiransa. Sana'ar kuwa ita ce ɗinka bargo da tsofaffin tufafi: rigunan maza, wandunan gona, rigunan mata da suka gaji, buhunan gari da na taki. Bargo ne mai hawa uku. Akwai fuska, wadda ake haɗawa da ƙyallaye, akwai cikon auduga a tsakiya, akwai shafi a baya, sannan a bi da allura a ɗinke ukun wuri ɗaya. Ana yin irinsa a sassa da yawa na Amurka, amma na wannan ƙauye ya fita daban, kuma dalilin fitarsa daban yana da alaƙa da inda ƙauyen yake.

Kogin Alabama ya yi wata babbar lanƙwasa a gundumar Wilcox, ya kewaye wani yanki ta ɓangarori uku, ya bar masa mafita ɗaya ta tudu. A 1816 wani mai gonaki daga jihar North Carolina, Joseph Gee, ya kafa gandun auduga a wurin da bayi. A 1845 gandun ya koma hannun Mark Pettway, wanda ya taso da bayi fiye da 100 daga North Carolina, akasarinsu a ƙafa suka yi wannan doguwar tafiya. Shi ya sa har yau sunan Pettway ya cika ƙauyen, sunan ubangida ne da ya manne wa zuriyar bayinsa. Da aka soke bauta a 1865 yawancin mutanen ba su je ko'ina ba. Suka zauna a ƙasar da suka sani suna noman haya, suna cin bashi kan auduga tun kafin ta fito, in kaka ta yi a lissafa a ce har yanzu da saura.

Gidajensu na gungumen itace ne da katako, iska tana shiga ta kowace kafa. Sukan manna tsofaffin jaridu da shafukan mujallu a bango don toshe ta, kamar yadda hotunan da Arthur Rothstein ya ɗauka a ƙauyen a 1937 suka nuna. Sanyin Alabama yakan kai ga daskarar da ruwa da dare. Gida ɗaya 'ya'ya goma ko fiye, gado kaɗan, wasu a ƙasa suke kwana. Bargo shi ne shimfiɗa, shi ne mayafi, kuma kowane gado sai an jibga masa da yawa kafin yara su iya barci. Kuɗin sayen yadi babu. Abin da yake akwai shi ne rigar da maigida ya sa har ta ƙi sawuwa.

Aikin yana farawa da farka. Mai ɗinki takan wanke tufar, ta cire maɓallai ta ajiye, ta yanke wuya da bakin hannu da duk wani kauri na ɗinki da allura ba za ta iya ratsawa ba. Sai ta ɗaga abin da ya rage a haske, ta ja shi tsakanin hannuwanta biyu. Inda ya yi shara-shara ko ya ba da ƙarar tsagewa, ta san ba zai kai wani sanyin ba, sai ta zagaye shi. Da yawansu yaga yadin suke yi da hannu maimakon yanka da almakashi, don yadi in aka yage shi yakan bi zarensa ya miƙe da kansa. Bayan riga yana ba da faffaɗan ƙyalle guda, gaba yana ba da dogaye biyu, hannuwa suna ba da masu faɗi a sama da tsukakken ƙasa. Ƙafar wando ma haka take, sama da faɗi ƙasa a tsuke, don haka in aka jera biyu ana juya ɗaya kai ƙasa, sai karkacewar wannan ta cike ta waccan. Wanda ya kalli tsofaffin bargunan ƙauyen zai ga layukansu suna ɗan kwanciya gefe, suna kumbura a nan suna motsewa a can. Siffar jikin mutumin da ya sa tufar ce take bayyana.

Akwai kuma lissafin nauyi. Yadin wandon jins yana da kauri da taurin kai, yadin riga yana da laushi. In aka haɗa su ba dabara, mai kaurin zai rinƙa jan mai laushin, wanki biyu ko uku sai ɗinkin ya ɓalle ta ɓangaren mai rauni. Gwanar takan sa masu ƙarfi a gefe da wuraren da hannu yake yawan ja, ta ninka mai rauni biyu, ko ta bar tsohon facin da ke gwiwar wando yadda yake, faci a kan faci, ya shiga bargo da shi.

Haɗa fuska aikin mutum ɗaya ne. Mace takan zauna ita kaɗai, yawanci da dare bayan an dawo daga gona an ci abinci, ta shimfiɗa ƙyallayen a kan gado ko a cinyarta, tana ɗorawa tana ɗagewa. A wasu wuraren na Amurka ana bin zane ne da aka buga a takarda, a yanka kowane ƙyalle daidai da awo, kusurwa ta haɗu da kusurwa ba kuskure. Matan Gee's Bend sun san waɗannan zane-zanen, sun kuma ɗinka su in sun ga dama, amma abin da suka fi alfahari da shi shi ne bargon da suke cewa na ra'ayin kai, wanda mai shi ta bi idonta. Fasalin da suka fi so shi ne wanda suke kira saman ɗaki: a fara da ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu, a kewaye shi da tsiri huɗu, a sake kewayewa da wasu, yana faɗaɗa yana faɗaɗa har ya cika gado. Sauƙinsa shi ne ba ya buƙatar awo, duk tsawon da tsiri ya zo da shi za a iya ƙara masa wani ko a datse. Akwai na dogayen layuka daga sama har ƙasa, wanda ƙafafun wando suka fi dacewa da shi. Akwai wanda ake jera ƙyallaye hawa-hawa irin jerin magini.

A nan ne, a ganina, gwanintar take. Macen da take da shuɗi kala ɗaya, na wandon gona, da ruwan ƙasa da fari mai datti, ba ta da abin da za ta yi ado da shi sai koɗewa. Sai ta mai da koɗewar launi. Ta san wannan ƙyallen ya sha rana shekara uku, wancan shekara ɗaya, na ƙarƙashin aljihu bai sha ba ko kaɗan, sai ta jera su daga mai haske zuwa mai duhu, ko ta gwara su da juna. In Allah ya sa ta sami ɗan jan ƙyalle daga rigar wata yarinya, ba ta raba shi ko'ina don a yi adalci. Takan ajiye shi wuri ɗaya, can gefe inda ido bai zata ba, sai bargon gaba ɗaya ya farka. In layi ya fara maimaita kansa har ido ya san abin da ke tafe, sai ta karya shi da gangan. Wannan ba a koyonsa daga takarda. Yarinya tana koyonsa ne a gefen uwarta ko kakarta ko gwaggonta, ta fara da zura zare a allura da tsince ƙyallaye, kafin ta kai shekara goma sha biyu ko sha uku ta haɗa nata na farko. Shi ya sa masu nazarin bargunan suke iya gane na zuriya kaza daga na zuriya kaza. Akwai kuma wata makarantar: in sanyi ya wuce, kowane gida yakan fito da barguna ya shanya a igiya da shinge su sha iska, mata su bi hanya suna kallon na juna, kowa ta koma gida da abin da idonta ya ɗauko.

Ciko daga gona yake zuwa. Ragowar audugar da aka kalato bayan tsinka, ko wadda ta zube a injin gurza, ita ake shimfiɗawa a ƙasa a yi ta bugu da sanda har ƙura da ƙaiƙayi su fita ta yi laushi. Shafi kuwa buhuna ne, a farke su a wanke a tafasa don rubutun kamfani ya fita, ko da yake sau da yawa inuwarsa takan rage. Zaren da aka warware daga bakin buhun ma ba a zubarwa, da shi ake ɗinki.

Ɗinke hawa ukun shi ne aikin gayya, kuma sai an gama tsinkar auduga ake samun sukuninsa. Ana ɗaure shafi a jikin wasu dogayen katakai huɗu da aka haɗa, a ja shi ya miƙe tsam, a baza auduga a kai daidai wa daida, a rufa fuska. Katakan ko dai a ɗora su a kan ƙafafu, ko a rataye su da igiya daga rufin ɗaki, in dare ya yi a ja su sama don a sami wurin kwana. Mata huɗu ko shida su zauna kewaye. Hannu ɗaya yana sama da allura, ɗaya yana ƙasa yana jiran tsininta, da ya ji ta taɓa yatsa sai ya mai da ita sama. Yatsan ƙasan nan yakan yi kanta saboda sukar allura. Ana binne ƙullin zare a cikin auduga don kada ya fito ya warware. Kowace mace tana ɗinka layi iya inda hannunta ya kai, wasu a miƙe wasu a lanƙwashe, in an gama wannan sashe a naɗe shi a jikin katako a matso gaba. Tazarar layukan ba ado ba ce kawai: in suka yi nisa da juna audugar za ta dunƙule a wankin farko, wani wuri ya yi tudu wani ya zama fanko. A ƙarshe a naɗo bakin shafi a kan fuska a kalmashe. Suna yi suna rera waƙoƙin coci, in an gama na gidan wannan a koma na gidan waccan.

Bargon da ya fi tsaya mini a rai cikin duka shi ne na Missouri Pettway na 1942. Mijinta Nathaniel ya yi jinya ta watanni ya rasu. Kamar yadda 'yarsu Arlonzia ta ba da labari daga baya, uwar ta tattara kayan aikinsa kaf, wanduna da riguna, ta ce za ta yi bargo da su don ta riƙa tunawa da shi tana lulluɓa. Arlonzia ce ta taya ta yagawa da daidaita ƙafafun wandon. Duk tufafin da mutumin ya mallaka a duniya bargo ɗaya suka isa, ba ƙari. Launinsa toka-toka ne da shuɗi mai haske da ɗan ja, da tabon ƙasar gona da wanki ya kasa fitarwa. Ba ta ɓoye tabon ba, ba ta juya shi ciki ba. Wanda yake son ya san yadda rayuwar manomin haya take a Alabama a wancan zamani, wannan bargon ya ishe shi shaida.

Shekaru goma kafin haka ƙauyen ya ga tashin hankalin da ba a manta ba. Farashin auduga ya faɗi warwas, ɗan kasuwar garin Camden da yake ba su bashi ya mutu, a 1932 magadansa suka aiko aka kwashe duk abin da za a iya ɗauka daga gidaje fiye da 60: alfadarai, shanu, kaji, garmuna, masara, dankali. Agajin ƙungiyar Red Cross ne ya fitar da su wannan sanyin. Daga baya gwamnatin Shugaba Roosevelt ta sayi ƙasar, ta gina gidaje, ta sayar wa mazauna filaye da bashi mai sauƙi. Mallakar ƙasar nan ita ta zaunar da zuriyoyi wuri ɗaya a lokacin da baƙaƙen fata na kudu suke ta ƙaura zuwa biranen arewa, sana'ar kuma ta ci gaba da bin jini ba yankewa.

Camden, hedikwatar gunduma, tana tsallaken kogi, da jirgin fito ake zuwa. Da mutanen ƙauyen suka fara tsallakawa don yin rajistar zaɓe, sai hukuma ta dakatar da jirgin a 1962. Tafiyar da take ta ɗan lokaci ta koma zagaye na kusan awa guda a mota, ga mutanen da akasarinsu ba su da motar. Jirgin bai dawo ba sai 2006. Jagoran gwagwarmayar 'yancin baƙaƙen fata, Martin Luther King, ya zo ƙauyen a 1965 ya yi jawabi a coci, mata masu ɗinkin nan da yawa sun shiga jerin gwano, wasu an kulle su. Da aka kashe shi a 1968, alfadarai biyu daga Gee's Bend ne suka ja keken da ya ɗauki gawarsa a birnin Atlanta.

Cikin wannan gwagwarmaya ne bargo ya fara zama abin sayarwa. Wani limamin coci mai suna Francis Walter ya ga barguna a shanye a bakin hanya, ya riƙa saye a kan dala 10 kowanne yana aikawa New York a yi gwanjonsu, kuɗin ya dawo wa matan. A 1966 aka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa ta Freedom Quilting Bee a yankin, Estelle Witherspoon ta daɗe tana jagorantarta. Kuɗi ya shigo gidajen da ba su saba ganinsa ba, aka sayi firji da injin wanki, aka tura yara makaranta. Amma kasuwa ta zo da sharuɗɗanta. Manyan kantuna irin su Bloomingdale's suna son barguna iri ɗaya, awo ɗaya, ɗinki ƙanana a jere, da sabon yadi. Wasu daga cikin matan da yau ake rataye aikinsu a gidajen tarihi, a wancan lokaci an ce hannunsu bai cika miƙewa ba. Sai suka raba aiki biyu: na kanti da rana bisa ƙa'idar kanti, na gida da dare yadda suka ga dama. A 1972 ƙungiyar ta sami kwangilar ɗinka rigunan matashin kai ga kamfanin Sears, da wani yadi mai kauri da laushi mai layi-layi, launin ja da ruwan zinariya da kore da ruwan ƙasa. Ragowar yankan ta bi ma'aikata gida, ta bazu cikin ƙauye, har ta zama wani babi na kanta a tarihin bargunan.

Da wannan ragowar ne Annie Mae Young ta yi tsakiyar bargonta na 1976, tsiri-tsiri ja da rawaya, ta kewaye shi da ƙafafun wandon jins da suka koɗe, inuwar aljihu tana nan a jikinsu. Mai ɗaukar hoto Roland Freeman ya ɗauke shi a shimfiɗe a kan tarin itacen girki. Hoton ne ya ja wani mai tara kayan fasaha daga Atlanta, William Arnett, ya zo nemanta a ƙarshen shekarun 1990. Da farko ta zaci bargon yana cikin waɗanda ta ƙona ba da daɗewa ba, don a can ana ƙona tsohon bargo hayaƙinsa ya kori sauro. Sai da ta bincika ɗaki ta same shi. Arnett ya sayi ɗaruruwan barguna a yankin. A 2002 aka baje kolinsu a gidan adana kayan fasaha na Houston, sannan a gidan Whitney da ke New York, inda mai sharhin jaridar New York Times ya sa su cikin ayyukan fasaha mafi ban mamaki da Amurka ta taɓa samarwa. A 2006 hukumar gidan waya ta buga kan sarki 10 da hotunansu. Yau suna cikin manyan gidajen tarihi, har da Metropolitan na New York, kuma a 2015 gwamnatin Amurka ta ba Mary Lee Bendolph da Loretta Pettway da Lucy Mingo lambar girma mafi daraja da take ba masu sana'ar gargajiya.

Yabon ya cancanta, amma akwai wani salonsa da ba na so. Masu sharhi sukan ce bargunan sun yi kama da zanen Matisse ko Paul Klee, kamar dai sai an jingina su da Turawan Turai kafin su sami daraja. Matan nan ba su koyi komai daga waɗancan ba, suna da nasu malaman, iyayensu mata, da nasu ma'aunin na abin da ya yi kyau da abin da bai yi ba. Kuma mai zane yana zaɓen fentinsa a kanti, ita kuwa sai abin da gwiwar mijinta ta bari. Sannan bargonta dole ya yi ɗumi, ya jure wanki da fitsarin yara, abin da ba a taɓa nema daga zanen bango ba.

Maganar kuɗi ma ba ta tafi sumul ba. Hotunan bargunan sun hau kafet da kofuna da zannuwan gado ana sayarwa, ƙauyen kuwa yana nan cikin ɗaya daga gundumomi mafi talauci a Amurka. A 2007 wasu daga cikin masu ɗinkin, ciki har da Annie Mae Young da Loretta Pettway, suka kai Arnett da abokan harkarsa ƙara suna cewa ba a ba su haƙƙinsu ba. Wasu matan da yawa kuma suka tsaya masa, suna cewa kafin zuwansa ba wanda ya kula su. An rufe shari'ar a 2008 ba tare da an kai ga hukunci ba. Daga baya gidauniyar Souls Grown Deep, wadda shi ya kafa, ta shiga taimaka wa matan su riƙe haƙƙin mallakar zanensu, kuma tun 2021 da yawansu suke sayar da aikinsu kai tsaye ta shafin Etsy a intanet, da sunansu da farashin da suka yanka da kansu. Babban bargo yakan kai dubban daloli. Idan aka lissafa makonnin da yake ci, da idon da yake cinyewa, ba tsada ba ce.

Abin da ya sauya sosai shi ne kayan aikin. Gidaje sun sami wutar lantarki da na'urar ɗumama ɗaki, ba mai kwana da sanyi don rashin bargo. Ana haɗa fuska da keken ɗinki, ana sayen ciko a naɗe daga kanti, sabon yadi kuma yana ko'ina. Wasu sun rungume shi, ba kuma laifi, suna yin aiki mai kyau da shi. Mary Lee Bendolph, wadda aka haifa a 1935, tana cikin waɗanda suka tsaya kan tsofaffin tufafi ko da ta sami halin sayen sabo, ta gwammace ta karɓi kwancen 'yan'uwa ko ta shiga shagon gwanjo. Sai dai kwancen yau ba irin na da ba ne. Yawancin riguna yanzu da haɗin roba ake saƙa su, ba sa koɗewa a hankali yadda zallar auduga take yi, kuma ana yar da su tun ba su ga wahala ba. Masu miƙewa irin na 'yan ƙwallo kuwa sai an manna musu wani yadi a baya kafin su tsaya a ɗinka su. Jikokin da suke koyon sana'ar yanzu, a ƙauyen da kuma biranen da iyayensu suka koma, sukan sami yadi kowane launi cikin sauƙi, amma wandon da mutum ɗaya ya yi shekaru yana noma da shi har ya ba da shuɗi kala huɗu sai sun yi cigiya kafin su samu.